Allurar ciwon sukari tana ramar da ni, maigida ya ce in daina

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce 'yar shekara 39, ina aure a wani ƙauye a ƙasar Ringim, 'ya'yana shida. Shekara biyar ke nan ina fama da ciwon sukari. Ina shan Glucophage da Daonil, amma sukarin ya ƙi sauka, kullum cikin ƙishirwa da fitsarin dare. Yayana da ke aiki a Kano ya kai ni wurin likita, aka ƙara mini wata allura mai kama da biro, an rubuta Ozempic a jikinta, sau ɗaya nake yi a mako. Shi yake saya mini. Yau mako bakwai ke nan. Ranar da aka fara an auna ni kilo 91, shekaranjiya na hau sikelin asibitin garinmu na ga 86. Fitsarin dare ya ragu sosai, amma abinci ya fita daga raina, loma huɗu biyar na ƙoshi. Ƙamshin suya yana tayar mini da zuciya, ina gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai in yi kwana uku ban zaga ba. Tun da aka ƙara mini yawan allurar a mako na biyar abin ya tsananta, har na yi amai sau biyu. Ranar Talata kuma ina cikin surfe jikina ya ɗauki rawa, zufa ta karyo mini, idona ya yi duhu, sai da aka ba ni koko da sukari na dawo hayyacina.

Yanzu an fara magana a gari. A gidan suna wata ta tambaye ni ko Malam ya daina cefane ne. Surukata ta ce sammu ne, ta aiko mini da jiƙo. Abokiyar zamana ta kawo mini sha-ka-fashe. Wasu har suna raɗe-raɗin ko ciwon nan ne da ba a faɗa. Malam ya ce in ajiye allurar, ana zubar masa da mutunci. Yaya kuma ya ce in na ajiye, shi ya cire hannunsa. Ni tsoro nake ji, ban san ko magani nake yi ba ko cuta nake ƙara wa kaina. Ki ba ni shawara don Allah.

Baiwar Allah, daga ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Ciwo daban, bakin mutane daban, ga ki kuma tsakanin miji da ɗan'uwa, kowa yana jan ki gefensa. Dole hankalinki ya tashi. Amma ina so ki lura da wani abu: duk mutanen da kika lissafa, a kan ramarki idonsu yake, ni kuwa abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarki shi ne na ranar Talata. Rama za ta iya jiran mako biyu a zauna a tattauna ta, wancan ba zai jira ba, don haka da shi zan fara.

Rawar jiki, zufa, duhun gani, sannan ki farfaɗo da kin sha abu mai zaƙi, wannan alamar faɗuwar sukari ce ƙasa da ƙima. A na'urar gwaji, duk abin da ya gaza 70 (ko 3.9 idan na'urarki da ƙananan lambobi take nunawa) ya faɗi. Ita allurar da kike yi ba kasafai take kayar da sukari ita kaɗai ba, saboda ba ta sa jiki ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke sukari, sai in sukarin jini ya hau. Daonil ba haka yake ba. Shi matsa wa jiki yake ya fitar da insulin, kin ci abinci ko ba ki ci ba. A da kina cin tuwo ki ƙoshi, ƙwayar tana samun abin da za ta yi aiki a kai. Yanzu loma biyar kike yi, ƙwayar tana nan yadda take, ga allura ta ƙaru, ga surfe a kai. Shi ya sa kamfanin da ke yin allurar ya rubuta a takardar cikin kwali cewa mai shan irin su Daonil, ko mai allurar insulin, yana iya buƙatar a rage masa su in an haɗa da wannan. Don haka yau ɗin nan, ba sai ranar da aka rubuta miki a kati ba, Yaya ya kira likitan ko ya je ya same shi ya gaya masa abin da ya faru. Likita ne zai ce a rage Daonil, ko a cire shi, ko a musanya shi da wani. In ba a samu likitan ba, ki je babban asibitin Ringim da duk magungunanki a leda, a duba su. Kafin nan, duk ranar da amai ya hana ki cin komai, kada ki haɗiyi Daonil a kan cikin da babu abinci.

Ki kuma shirya wa abin in ya sake zuwa. Ki ɗaura ƙwayar sukarin kwali uku ko huɗu a bakin zanenki, ko dabino uku, duk inda za ki. Da kin ji alamar, ki zauna ki sha, ko ki lashi babban cokali ɗaya na zuma, ko ki sha rabin kwalbar lemo. Bayan minti 15 in jikin bai daidaita ba ki maimaita, in ya daidaita ki bi shi da abinci mai riƙe ciki, domin Daonil yana daɗewa a jiki, sukarin yana iya sake faɗuwa bayan 'yan sa'o'i. Ki koya wa abokiyar zamanki da babbar 'yarki wannan, don a lokacin da abin ya zo ba lallai ki iya magana ba. Ki gaya musu kuma in suka same ki a sume kada su ɗura miki komai a baki, su kwantar da ke a gefe ɗaya su nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

Sai maganar rama. Sinadarin da ke cikin allurarki sunansa semaglutide, wani kamfani na ƙasar Denmark mai suna Novo Nordisk ke yin ta, kuma tun 2017 aka amince da ita a Amurka don masu ciwon sukari irin naki. Kwaikwayon wani sinadari take yi da hanjin ɗan Adam ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke sa jiki ya saki insulin, ya jinkirta fitar abinci daga tumbi, ya kuma aika wa ƙwaƙwalwa saƙon an ƙoshi. Na jikinmu 'yan mintuna yake yi ya ɓace, na allurar kuwa mako guda cur yake yi yana aiki. Daga nan duk abin da kike ji ya samo asali. Abincin rana yana nan zaune a tumbi har dare, kamar tukunyar da ba a kwashe tuwon jiya ba aka zo ɗora na yau, shi ya sa kike ƙoshi da wuri, zuciya take tashi, gyatsar take wari. A gwaje-gwajen da aka yi kafin a fitar da ita kasuwa, tsakanin mutum 15 zuwa 20 cikin 100 sun yi fama da tashin zuciya, akasari a farkon farawa da kuma lokacin da aka ƙara yawan maganin, sannan ga mafi yawansu ya lafa da tafiya ta yi tafiya. Dalilin da ya sa ake farawa da miligiram 0.25 na mako huɗu kafin a kai 0.5 ke nan, don jiki ya saba. Kin ga kuwa a mako na biyar naki ya tsananta, daidai gaɓar da aka san yana yi.

Rage nauyi yana cikin abin da likita ya nufa da ya rubuta miki ita. Ga mai kilo 91 da sukari ya ƙi jin magani, sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana sa sukari ya sauka, hawan jini ya yi sauƙi, gwiwoyi su huta. Amma ba zan ɓoye miki ba, kilo 5 cikin mako bakwai ya ɗan yi sauri. A waɗancan gwaje-gwaje, abin da masu ciwon sukari suka sauke a tsaka-tsaki bai wuce kilo 4 zuwa 6 ba, kuma cikin watanni masu yawa. Wani ɓangare na naki ruwan jiki ne da amai ya tafi da shi, wani kuma wataƙila bambancin sikelin Kano da na garinku ne, amma babban dalilin shi ne ba kya cin abin da ya ishe ki. Wannan abu ne mai gyaruwa. Ki zaɓi sikeli ɗaya, ki riƙa hawa sau ɗaya a mako, da safe, ki sa a rubuta miki a littafi. In kika ga kina sauke fiye da kilo ɗaya kowane mako a jere, ko ƙarfinki yana tafiya har ɗaukar bokitin ruwa yana gagarar ki, likita ya sani.

Akwai ramar magani, akwai ta ciwo, kuma ba da ido ake rarrabe su ba. Sukarin da ya yi yawa shi kansa yana ramar da mutum, amma shi yana zuwa ne da ƙishirwa da yawan fitsari, ke kuwa kin ce naki ya ragu, wannan alama ce mai kyau. Duk da haka ina so a tabbatar da gwaji. In za ki koma, ki nemi a yi miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarinki ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, da gwajin ƙoda. In kina tari da ya kai mako biyu, ko zufar dare, ko zazzaɓin yamma, a gwada majinarki, domin mai ciwon sukari ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Gwajin ƙanjamau ma ki yi shi, cikin sirri ake yi, 'yan mintuna ne. Ba don ina zarginki ko Malam ba. Na san yadda raɗe-raɗi ke shiga zuciyar mace da dare ya hana ta barci, ko da ta san kanta, kuma takardar sakamako tana kashe wannan wasiwasin.

Gwaji ɗaya kuma da nake so ki yi tun kafin allurar mako mai zuwa, na ciki ne. Shekararki 39, ba ki wuce haihuwa ba, kuma mace mai ƙiba in ta fara sauke nauyi sukarinta ya daidaita, ciki yana iya shiga ko da an daɗe ba a samu ba. Tashin zuciyar allura da laulayi kamarsu ɗaya. Tsinken gwajin yana nan a kemis, ba tsada. Ba a yin wannan allura da juna biyu, har ma ana so mai neman haihuwa ta daina ta aƙalla wata biyu kafin ta ɗauki ciki. In gwajin ya nuna akwai, kada ki sake yin allurar, ki je asibiti a kwanakin nan a sauya miki magani. In babu, ku zauna da Malam ku yi maganar tazarar haihuwa muddin kina kanta. In kina shayarwa ma likita ya sani.

Yanzu abinci, wanda shi ne aikinki na kullum. Ki bar zama gaban malmala biyu kina jin laifin kin kasa cinyewa. Ki raba abincinki gida biyar ko shida a yini, kaɗan-kaɗan, ki ci a hankali, da kin ji alamar ƙoshi ki cire hannu ko da saura. Lomar da ake turawa bayan an ƙoshi ita ke dawowa amai. Tunda wurin da ke cikinki ya zama kaɗan, ki fara cika shi da abin da ke gina jiki: dafaffen ƙwai, wake, alale, kindirmo ba sukari, kifi, nama in ya samu, ƙuli-ƙuli, awarar da aka dafa a miya ba soyayya ba. Tuwo ya zo daga baya, rabin malmala da miyar kuka ko kuɓewa ko zogale da ba a cika wa mai ba. Na dage a kan wannan ne saboda mai rama da sauri ba kitse kaɗai yake saukewa ba, har da tsoka, kuma ita ce ƙarfin da kike aikin gida da shi. Ƙosai, waina mai maiƙo, soyayyen nama, miya mai iyo da manja da yaji mai yawa, ki ɗan yi musu hutu, don maiƙo ya fi komai daɗewa a tumbi. Abinci mai ɗumi-ɗumi ko wanda ya huce ya fi mai tururi sauƙin shiga. Ruwan citta ba sukari yana kwantar wa wasu da zuciya. Kada ki kwanta da kin gama ci, ki ba shi kamar sa'a biyu, abincin dare kuma ki ci shi da wuri, tun bayan magariba. Ranar girkinki, in ƙamshin suya ne ke tayar miki da zuciya, ki roƙi abokiyar zamanki ko 'yarki ta kama miki wannan ɓangaren, ke ki yi tuƙi.

Rashin zagawa kuma, ruwa ne maganinsa na farko. Wannan allura tana rage wa wasu har jin ƙishirwa, ga zafin ƙasarmu. Ki ajiye kofi kusa da ke kina kurɓa duk yini, ba ki shanye kwano guda lokaci ɗaya ba. Ki duba fitsarinki, in ya yi ja sosai ruwa bai ishe ki ba. Kwaɗon zogale, alayyahu, kabewa, yalo, gwanda kaɗan, da ɗan tattaki bayan la'asar, duk suna taimakawa. In ya wuce kwana uku kuma ciki ya kumbura, a tambayi ma'aikacin lafiya maganin da ya dace, kada a ba ki gishirin wankin ciki.

Akwai alamomin da in kin gan su ba zancen jira ko kiran waya, asibiti za a nufa. Ciwon ciki mai tsanani a saman cibiya da ba ya lafawa, musamman in yana sokawa har baya, da amai ko babu, wannan yana iya zama kumburin gaɓar da ke samar da insulin, a ajiye allurar a tafi. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da zazzaɓi, ko ido ya yi ɗorawa, matsarmama ce ake zargi, don saurin rama yana haifar da tsakuwa a cikinta. Amai ko gudawar da suka hana ko ruwa zama a ciki yini guda, ko fitsari ya ɗauke, haɗari ne ga ƙoda, kuma a irin wannan hali ana dakatar da Glucophage da wasu magungunan hawan jini har sai jiki ya dawo, don haka dole ma'aikacin lafiya ya gan ki. Haka kumburin fuska ko leɓe da sarƙewar numfashi bayan allura. In ganinki ya canza ki faɗa da wuri, kuma ko bai canza ba, wanda ya shekara biyar yana fama da ciwon sukari ya kamata a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara. In kuma a danginku an taɓa samun mai sankarar maƙoƙo, ko kin ji ƙullutu a wuyanki, ki gaya wa likita, don akwai nau'in da ba a haɗa shi da wannan allura sam. Waɗannan ba su cika faruwa ba. Na faɗe su ne don ƙauye da nisa, kuma wanda ya san alama shi ke kama hanya da wuri.

Sha-ka-fashe kuwa, don girman Allah kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga bakinki. Abin da ake sayarwa da wannan suna sau da yawa yana ɗauke da dexamethasone ko danginsa, magani ne da ke harba sukari sama sosai, ya tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya hau da jini. Ga mai lafiya ma cuta ne, balle ke. Amma kada ki ɗauki abokiyar zamanki da mugun nufi. Ta ga kina zubewa, ta kawo abin da ta ga mata suna sha, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki gode mata, ki gaya mata likita ya hana masu sukari shan sa, sannan ki ba ta amanar da ta fi wannan, wato ta zama ita ce mai lura da ke in rawar jikin nan ta zo.

Surukarki ma tsoro ne ya kama ta, kuma a saninta, matar da ke ramewa alhali ba ta kwanta ciwo ba, hannu aka sa mata. Ba sai kin yi musu da ita ba, ba kuma huruminki ba ne, ɗanta ne ya kamata ya yi mata bayani. Addu'a da tofi ki karɓa hannu biyu, ba su karo da magani. Jiƙon ne nake jin tsoro, domin ba ki san me ke ciki ba, kuma saiwoyi masu ɗaci da yawa suna sauke sukari ko su tsinka ciki, ke kuwa sukarinki ya riga ya faɗi sau ɗaya, ruwan jikinki ma da ƙyar yake isa. Ki karɓa da ladabi, ki ce Allah ya saka da alheri, ki ajiye.

Malam shi ne wanda na fi so ki fahimta. Bai ce ki daina don ba ya son lafiyarki ba. A wurinmu jikin mace shi ne shaidar riƙon mijinta, in ta yi ɓulɓul a ce ya iya kiwo, in ta rame a ce yana barin ta da yunwa ko baƙin ciki. Maganar da aka yaɓa miki a gidan suna, shi aka jefa da ita, kuma tabbas ta iske shi a majalisa. Akwai kuma abin da mai yiwuwa ba zai furta ba: surukinsa ne ya kai ki asibiti, shi ke biyan kuɗi, shi ke yanke hukunci, shi kuwa maigidan sai dai ya ga ana soka wa matarsa abin da ba wanda ya yi masa bayaninsa. Namiji yana jin wannan a ransa. Saboda haka kada ki ci gaba da allurar a ɓoye, kada kuma ki tsaya kina ce masa Yaya ya ce. Ki sami lokacin da ya natsu, daga ke sai shi, ki fara da abin da ya gani da idonsa, cewa a da kina tashi fitsari sau da yawa cikin dare yanzu kina barci. Ki gaya masa kin ji zafin maganar da ake yi a kansa, kin kuma san bai rage ki da komai ba. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya, ya raka ki wurin likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa, kuma duk abin da za a yanke a yanke yana zaune. Mazan da suka ji bayani daga bakin likita, sau da yawa su ke komawa masu tuna wa matar ranar allura. Mutanen gari kuma amsa ɗaya ta ishe su, daga ke har shi: ciwon sukari ne, likita ne ya ce a rage jiki. Ba wanda yake bin ki bashin bayanin da ya wuce haka.

Yaya ya yi abin a yaba, Allah ya saka masa, ba kowane ɗan'uwa ke ɗaukar wannan nauyi ba. Amma barazanar cire hannu ba ta dace ba, kuma ya kamata ya kira Malam ya ba shi girmansa na miji. Akwai kuma tambayar da ya kamata ku yi wa juna tsakani da Allah: zai iya ci gaba da saye wata da watanni? Allurar nan tana da tsada, kuma ba irin maganin da ake yi wata uku a ce an warke ba ne. In aka daina, yunwa tana dawowa, sukari ya sake hawa, nauyin da aka sauke ma yawancinsa ya dawo. In aljihunsa ba zai jure ba, gara likita ya sani tun yanzu ya tsara miki abin da za a iya riƙewa, da a riƙa yi ana tsallake wata. Ya kuma kula da inda yake saye. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka, kuma a Turai an sami na jabu da insulin ne a ciki, har ya kwantar da mutane a asibiti saboda faɗuwar sukari. Tunda naki ya faɗi, ku tafi da biron da kwalinsa likita ko mai harhaɗa magani ya duba. Ya riƙa saye a kantin magani mai rajista, ba a intanet ko hannun 'yan talla ba, komai arhar da aka yi masa.

Ki sani kuma ba tsakanin ci gaba a wahale da dainawa gaba ɗaya kaɗai zaɓi yake ba. Likita yana iya mayar da ke 0.25 na wasu makonni har ciki ya saba, ko ya bar ki a 0.5 ba tare da ƙari ba, ko ya ba ki maganin tashin zuciya na ɗan lokaci. In duk an yi haka jikinki ya ƙi karɓa, akwai wasu ƙwayoyin, akwai insulin, kuma komawa kansu ba gazawa ba ce. A nawa ganin, tunda fitsarin dare ya ragu, kuma wahalar ta zo ne daidai lokacin ƙarin magani, ya dace a gyara Daonil, a sassauta allurar, a ba ta wata ɗaya ko biyu a gani kafin a yanke mata hukunci. In zuwa Kano kowane wata ya yi nauyi, ki nemi likitan ya rubuta miki takarda ki riƙa bibiya a babban asibitin da ke kusa, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, Kano kuma sai lokaci-lokaci. Na'urar gwajin sukari ta gida, in ba ki da ita, ita ce abu na gaba da zan so Malam ya saya da kuɗinsa, ki riƙa gwadawa da safe kafin karin kumallo da duk lokacin da jiki ya yi wani iri, ana rubutawa.

Ba ki faɗi inda kike ajiye allurar ba, kuma a ƙauye wannan babbar magana ce. Biron da ba a fara amfani da shi ba firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya daskare, don haka ya zauna wurin Yaya ko wurin wani amintacce mai firjin sola. Wanda aka fara yana iya zama a ɗaki na wasu makonni, takardar kwalin ta faɗi adadinsu, amma da sharaɗin zafi bai wuce digiri 30 ba, ke kuwa kin san ɗakin kwano a watan Afrilu. Dabarar tana nan a gidanku. Ki sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa shi safe da yamma, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke bugawa. Marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami a Dutse, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ki sa biron da murfinsa cikin leda ki ɗaure kada ruwa ya taɓa shi. Ruwan cikinsa garau yake, in ya yi gurɓi kada ki yi amfani da shi. Kowane mako sabon kan allura, ki riƙa sauya wuri tsakanin ciki da cinya, tsofaffin kuma ki tara a gwangwani mai murfi inda yara ba za su kai ba.

Azumin nafila na Litinin da Alhamis, da na ramuwa, ki dakata da shi har a daidaita magungunan nan. Na watan Ramadan kuma ki tayar da maganarsa wurin likita tun saura mako shida zuwa takwas, a tsara miki yadda za ki sha magani, ki kuma san cewa in sukari ya gaza 70 ko ya haura 300 karyawa ake yi. In kun dawo daga asibiti ki sake rubuto mini abin da likita ya ce game da Daonil, da sakamakon gwaje-gwajen, da yadda kuka ƙare da Malam. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya daidaita tsakaninku.